Yaƙin Zabo da Darasin Sulhu a Ƙasar Bimbilla

Duk wanda ya san tarihin fataucin goro ya san hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 ayarin Hausawa kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, su yi watanni a hanya, su biyo ta Yendi da Bimbilla har su sauke kaya a Salaga, a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Can suke sayar da kanwa da tufafi da fatu, su sayi goron da ya fito daga kurmin Asante. A wannan kasuwa kuma ake sayar da 'yan Adam. Wani mai hidimar Mishan ɗin Basel, Theophilus Opoku, mutumin Akuapem, ya isa Salaga a 1877, ya ga bayi a ɗaure a kasuwa, ya kuma rubuta abin da ya gani. Yaƙin basasa na 1892 ya watse garin, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da wasu zanguna. Amma har yanzu ana jin Hausa a kasuwannin wannan hanya, saboda haka labarin mutanenta ba baƙo ba ne ga mai karatu.

Yadda Maganar Allah ta iso

Bishara ta daɗe kafin ta yi saiwa a wannan yanki. Mishan ɗin Basel ya buɗe tasha a Yendi a 1913, lokacin da garin yake hannun Jamus, amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsai da aikin cikin 'yan shekaru. A 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret na Assemblies of God suka sauka a Yendi, daga nan aikin ya bazu zuwa Tamale da Bawku, daga baya har Saboba a ƙasar Konkomba. Ikilisiyar Evangelical Presbyterian ta kafa kwalejin horon malamai a Bimbilla a 1962. An buga Sabon Alkawari da harshen Kusal na mutanen Bawku a 1976, da harshen Konkomba kuma a 1977.

Wato kafin babban tashin hankalin da za a ba da labarinsa, akwai masu bi a garuruwa da ƙauyuka da yawa waɗanda suke karanta Maganar Allah da harshen uwarsu. Tambayar da tarihi ya ɗora musu ita ce, ko wannan magana za ta fito daga majami'a ta shiga gona da kasuwa da fada.

Tushen rikicin

Nanumba su ne masu sarautar Bimbilla, kamar yadda Dagomba suke da Yendi, Gwanjawa kuma da ƙasar Salaga. Konkomba manoma ne, a al'adarsu ba su da babban sarki, sai dattawan gida da masu kula da tsafin ƙasa. Da Turawan Ingila suka tsara mulkinsu, sai suka sa kabilun da ba su da sarauta a ƙarƙashin masu sarauta. A cikin ƙarni na 20 Konkomba da yawa suka ƙaura zuwa ƙasar Nanumba neman gonakin doya, har suka yi yawa ƙwarai. Suna noma, suna kai gaisuwar doya da aikin gayya ga sarakuna, ana yi musu shari'a a fada, amma ba su da murya a cikinta. Su suna ganin an raina su. Nanumba kuwa suna ganin baƙin da aka ba wurin zama suna neman ƙwace gida.

A 1981 faɗa ya tashi a Bimbilla daga wata rigima a gidan burkutu, aka kashe mutane da yawa. An kwantar da wutar, amma ba a taɓa tushenta ba. A 1993 ƙungiyar matasan Konkomba ta nemi a ba su babban sarki nasu a Saboba, fadar Yendi ba ta yarda ba. Jita-jita ta cika ƙasa, kowane gefe yana tara makamai.

A ƙarshen watan Janairu 1994, a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla, wani Bakonkombe da wani Bananumbe suka yi gardama a kan cinikin zabo. Gardama ta zama zagi, zagi ya zama duka, daga baya aka kai ga kisa. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama daga Bimbilla zuwa ƙasar Yendi da ta Salaga. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a gundumomi 7. Ƙididdigar da aka fi ambata ta ce mutane aƙalla 2,000 suka mutu, ƙauyuka 441 suka hallaka, mutane wajen 178,000 suka rasa matsuguni. Shi ne abin da duniya ta kira Yaƙin Zabo.

Wasiƙar Yakubu sura 3 ta kwatanta harshe da ɗan ƙaramin tartsatsi wanda yake cinye babban jeji. Amma manomi ya sani tartsatsi ba ya cin jejin da bai bushe ba. Shekaru na raini da ƙiyayyar da aka ɓoye a zuci su ne suka busar da ciyawa, zabo kuwa ashana ce kawai. Wannan yaƙi na ƙasa ne da sarauta da mutunci, ko da yake wasu sun so su shafa masa launin addini. Akwai Kirista da Musulmi da masu bin al'ada a cikin waɗanda suka mutu, akwai su kuma a cikin waɗanda suka ɗauki makami.

Zaman Kumasi

Sojoji sun tsai da harbi, amma a watan Maris 1995 faɗa ya sake tashi a yankin Bimbilla. A lokacin nan ƙungiyoyin agaji da suke aiki a arewacin Ghana, har da na ikilisiyoyi, suka haɗa kai suka gayyato masu sulhu daga wata ƙungiya ta Nairobi a Kenya, ƙarƙashin Hizkias Assefa, mutumin Habasha. Tare da shi akwai ɗan Ghana, Emmanuel Bombande. Ba su fara da manyan takardu ba. Suka zaga ƙauyukan da aka ƙone, suna sauraron mutane, suna neman waɗanda hankalinsu bai gushe ba a kowane gefe. Daga watan Mayu 1995 suka riƙa tara su a Kumasi, nesa da fagen fama, sau da yawa.

Wani malamin sulhu na Amurka, John Paul Lederach, ya ba da labarin ɗaya daga cikin waɗannan zama a littafinsa na 2005. Wani babban basaraken Dagomba ya buɗe taro da magana mai zafi, yana cewa mutanen da aka kawo masa ba su da ko sarki, yara ne kawai, ba ya da abokin magana a cikinsu. Masu sulhu suka ɗauka taron ya watse ke nan. Sai wani saurayin Konkomba ya nemi izinin magana. Ya kira basaraken uba. Ya yarda cewa ba su da sarki, ya kuma bayyana cewa yana kiransa uba domin ba ya so ya raina shi. Sa'an nan ya tambaye shi, a matsayin ɗa ga ubansa, wace hanya aka bar musu su sami girma in ba ta yaƙi ba. Basaraken ya yi shiru na ɗan lokaci. Da ya buɗe baki, sai ya ce kunya ta kama shi, gama ya zagi mutanen yaron, yaron kuwa ya kira shi uba. Wannan bai ƙare yaƙin a ranar ba, amma daga nan maganar ta sake hanya.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai gane abin da ya faru. Karin Magana 15:1 ta koyar cewa tattausar amsa tana kwantar da hasala. Manzo Bulus kuma a 1 Timoti 5:1 ya gargaɗi saurayin mai hidima kada ya tsauta wa dattijo, sai dai ya roƙe shi kamar mahaifinsa. Abin lura shi ne, saurayin nan bai janye ƙararsa ba. Ya faɗi gaskiya duka, amma ya sa ta cikin ƙwaryar ladabi, har mai iko ya iya sha. Mutane da yawa suna tsammani sai ɗaya daga cikin biyu, ko a yi shiru don zaman lafiya, ko a yi zagi don gaskiya. Afisawa 4 ta haɗa gaskiya da ƙauna wuri ɗaya, zaman Kumasi kuwa ya nuna ana iya yin haka ko bayan an zub da jini.

A ranar 30 ga Maris 1996 wakilan Dagomba da Nanumba da Gwanjawa da Konkomba da Nawuri da Nchumuru da Basare suka amince da Yarjejeniyar Kumasi. A game da Bimbilla, Konkomba suka yarda cewa ƙasar ta Nanumba ce, Nanumba kuma suka karɓi Konkomba a matsayin 'yan'uwa masu hakkin zama da noma. Kowa ya saki wani abu, kowa ya sami wani abu. Tun daga lokacin ba a sake yaƙi mai girman na 1994 tsakanin waɗannan kabilu ba.

Aikin da ya rage

Sulhu ba gini ba ne da ake gamawa a kulle. A 1998 Bombande da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar WANEP don aikin zaman lafiya a Afirka ta Yamma. A 1999 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Yendi, bishop na farko kuwa, Vincent Boi-Nai, ya ba da shekaru yana zama da sarakuna da limamai da matasa. Duk da haka a watan Maris 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi cikin rikicin gidajen sarauta biyu, ba a naɗa sabon Ya-Na ba sai a 2019. Bimbilla ma ta sha nata rikicin gadon sarauta, wanda ya ci rayuka a 2014. A Bawku kuwa gardamar Kusasi da Mamprusi, wadda ta faro tun 1957, ta sake barkewa a 2021. Wannan ya nuna cewa ƙiyayyar cikin gida takan fi ta baƙo wuyar magani.

Ubangiji Yesu ya koyar a Matiyu sura 5 cewa mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, ya fara zuwa ya shirya da shi kafin ya miƙa baikon. A sura 18 kuma ya tsara matakai: a je wurin mutum shi kaɗai tukuna, in ya ƙi a ɗauki shaidu, sa'an nan a kai ga jama'a. Mutanen Bimbilla sun bi wannan hanya ne bayan an binne dubbai. Da an zauna tun 1981 an saurari kukan juna, da wataƙila zabon Nakpayili ya ƙare a tukunya kamar sauran zabi.

Darasin bai tsaya ga kabilu ba. Akwai miji da mata da suka yi shekara suna gaisuwa da baki kawai. Akwai maƙwabta da iyakar gona ta raba, da dattawan ikilisiya da ba sa zama a benci ɗaya, da baƙon da ya yi shekara 40 a gari ana kiransa baƙo har yau. Kowane ɗayan waɗannan busasshen jeji ne mai jiran ashana. Mai bin Almasihu ba ya jiran wuta ta tashi kafin ya nemi ruwa. Shi ne zai fara tashi ya je ƙofar ɗan'uwansa, ya kira babba baba, ya kira tsararsa ɗan'uwa, ya faɗi abin da yake damunsa ba tare da zagi ba, ya kuma zauna ya ji nasa laifin. Allah ya ba ikilisiyarsa irin waɗannan mutane a Bimbilla da Bawku, da ko'ina aka san sunansa.