Kogin Katagum Bai San Iyaka Ba: Tarihin Awon Ruwa Tsakanin Najeriya da Maƙwabtanta

A watan Janairun 1824 wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka iso birnin Katagum daga Kukawa, bayan sun yi makonni suna bin gaɓar kogin Yobe. Sarkin Katagum Ɗankauwa ya sauke su, ya karrama su. Oudney bai yi nisa da barin garin ba ciwo ya ci ƙarfinsa, ya rasu a Murmur, Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato. Abin da ya raba mutanen nan da gida tambaya ce a kan ruwa: ina kogin Kwara yake ƙarewa, kuma ko yana da wata alaƙa da Tafkin Chadi? An daɗe da amsa wannan tambaya. Amma shekara ɗari biyu bayan nan, tambayar da ta fi shafar manomin Zaki da masuncin Gamawa har yanzu ba ta sami cikakkiyar amsa ba: ruwa nawa ne yake wucewa ta ƙasar Katagum kowace shekara, nawa ne yake isa ga na ƙasa da mu, kuma wa yake aunawa? Tarihin shekaru sittin da suka wuce ya nuna cewa ƙasa ɗaya ba za ta iya amsa wannan ita kaɗai ba, kuma duk lokacin da aka yi gini a kan kogi kafin a yi awo tare da maƙwabta, talakan bakin kogi ne ya biya kuɗin kuskuren.

Kogin da muke kira na Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa. A can sama ana ce masa Dilimi, ya gangaro ya zama Bunga a ƙasar Ningi, ya ratsa ta Foggo da Jama'are, ya bi ta gefen tsohon birnin Katagum wanda Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na sha tara, kafin a mayar da fadar masarautar Azare a zamanin Turawa. Daga nan sai ya haɗu da kogin Haɗeja a kusa da Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam, sannan ya zama shi ne iyakar Najeriya da Nijar, Damasak a wannan gaɓa, Diffa da Bosso a waccan, har ya faɗa Tafkin Chadi. Ma'ana, ruwan saman da ya sauka a Filato a watan Agusta, shi ne manomin tattasai na Diffa zai yi ban-ruwa da shi bayan kaka. Idan ya yi yawa, gidajen Zaki za su fara rushewa, bayan wasu makonni na Diffa su biyo baya. Idan ya yi kaɗan, fadamun ƙasashen biyu ne za su bushe tare. Wannan zumunci ba yarjejeniya ce ta ƙulla shi ba, haka Allah ya shimfiɗa ƙasar.

Abin da ya raba shi ne iyakar da Ingila da Faransa suka shata. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an ƙasashen biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka bi daji suna kafa alamun iyaka daga kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi. Ayarin Tilho ya kuma yi awon tafkin da kansa, ya bar bayanan da masana suke komawa gare su har yau. Tun daga lokacin sai kogi ɗaya ya zama yana da littattafai biyu: ma'aunin Gashuwa ana rubuta shi da Ingilishi a kai rahoto Kaduna, na Bagara kusa da Diffa ana rubuta shi da Faransanci a kai Yamai. Shugabannin farko bayan samun 'yanci sun ga hatsarin wannan rabuwa da wuri. Ranar 22 ga Mayun 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka sa hannu a Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, suka kafa Hukumar Tafkin Chadi, suka yi alkawarin tattara bayanai tare da sanar da juna kafin wata ƙasa ta fara aikin da zai taɓa ruwan kowa. Daga baya Afirka ta Tsakiya da Libiya suka shigo. A 1971 kuma Najeriya da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta su biyu, mai mazauni a Yamai.

Alkawari ya yi kyau, amma aiki ya riga awo. An kafa hukumar ne a shekarun damina mai albarka, lokacin da faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Da lissafin waɗannan shekaru aka tsara babban aikin noman rani na kudancin tafkin a Borno, wanda aka yi niyyar ya shayar da kadada 67,000. Sai farin farkon shekarun 1970 ya zo, na 1984 ya biyo baya, tafkin ya ja da baya har ya koma kusan murabba'in kilomita 2,000, ya bar magudanan da aka kashe wa dukiya a kan busasshiyar ƙasa. A can sama kuma an kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, dukkansu a kan rassan da suke ciyar da kogin Haɗeja. Ba wanda zai musa amfaninsu ga birnin Kano da manoman Kadawa da Kura. Sai dai ambaliyar shekara-shekara da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu ƙwarai, ruwan da ake saki da rani kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, ita kuma ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Ana cikin wannan ƙunci Najeriya da Nijar suka ƙulla yarjejeniyar Maiduguri ta ranar 18 ga Yulin 1990, wadda ta tanadi rabon adalci da musayar bayanai a kan kogunan da suka haɗa su, har da Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe.

Binciken da ya fito da gaskiyar lamarin a fili ya faro ne a 1987, lokacin da aka kafa shirin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru, inda masanan Najeriya suka yi aiki da ƙungiyar IUCN da wasu jami'o'in waje. Sun auna ruwa, sun ɗauki hoton ambaliya daga sama shekara bayan shekara, sun ƙidaya abin da fadama take bayarwa na shinkafa da kifi da itace da kiwo. Lissafin masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa ya nuna cewa kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan wanda aka karkatar zuwa manyan gonakin ban-ruwa na sama. Binciken ya kuma tabbatar da abin da ya sa Katagum take tsakiyar wannan magana: mafi yawan ruwan da yake wuce Gashuwa ya nufi Gaidam da Diffa daga kogin Jama'are yake fitowa, domin shi ne babban reshen da ba a datse ba. A kan irin wannan ilimi aka tsaya a 2006 lokacin da jihohin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka haɗu da gwamnatin tarayya a Damaturu suka kafa asusun kula da wannan kwari. A 2012 kuma shugabannin ƙasashen tafkin suka amince da kundin dokar ruwa na bai ɗaya a Njamena.

Mai ƙorafi na farko zai ce, ruwan Jama'are a ƙasarmu yake wucewa, Kano ta datse nata ta ci moriya, don me Bauchi za ta jira yardar Yobe da Borno, balle Nijar, kafin ta gina madatsar Kafin Zaki? Wannan magana tana da nauyi. Tun zamanin Shagari aka fara aikin, aka dakatar, aka sake tayar da shi, aka sake ajiyewa, kuma matasan da suke barin ƙauyukanmu da rani suna da haƙƙin tambayar ina alkawarin kadada 120,000 na noman rani ya kwana. Amma a duba taswira. Kafin Zaki tana ƙasar Ningi ne, sama da Jama'are da Itas da Zaki da Gamawa. Mutanen farko da za su ji canjin ruwan ba 'yan Diffa ba ne, mu ne. Manomin shinkafar fadamar Katagum da mai tattasan Diffa layi ɗaya suke, bambancinsu kawai wane ne a gaba. Saboda haka binciken haɗin gwiwa ba shinge ba ne ga ci gaban Bauchi. Shi ne kaɗai zai faɗa mana girman madatsar da kogin zai iya ɗauka, da yawan ruwan da dole a saki da damina don fadama ta rayu. Wanda ya ga abin da ya sami Nguru bai kamata ya jira gemunsa ya kama wuta kafin ya nemi ruwa ba.

Na biyu zai ce duk wannan taro ne da takarda, kuɗin Turawa ya ƙare kowa ya watse. Akwai gaskiya a nan ma, domin ma'aunan ruwa da yawa a wannan kwari sun lalace bayan shekarun 1980 ba a gyara ba. Sai dai makiyayan Katagum shaidu ne cewa haɗin kan maƙwabta ya taɓa yin abin da ƙasa ɗaya ta kasa. Ciwon bushiya ya share garken shanu a ƙasar Hausa da Borno tun wajen 1891, yana dawowa lokaci bayan lokaci, domin saniyar da aka yi wa allura a nan za ta haɗu a mashaya da wadda ba a yi wa ba daga ƙetare. A 1961 aka yi taro a Kano, a 1962 kuma Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka fara gangamin rigakafi na bai ɗaya, da allurar da ake haɗawa a ɗakunan bincike irin na Vom da na Farcha a Chadi. Cutar ta kwanta. Da gangamin ya ƙare a 1976 ƙasashe suka yi sakaci, sai ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi mummunar ɓarna a arewacin Najeriya. Aka sake haɗa kai a 1986, aka dage, har aka bayyana a 2011 cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa. Haka ma irin geron nan SOSAT, a Mali aka samar da shi tare da cibiyar ICRISAT, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta gwada shi ta fitar wa manomanmu a 2000. Darasin a fili yake: haɗin kai bai taɓa cin amanarmu ba, sakin aiki a tsakiya ne yake cutar da mu.

Na uku zai kawo maganar zamani: rikicin Boko Haram ya hana masana isa bakin tafki, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Da wa za a yi binciken? Amsa ita ce ambaliya ba ta jira a sasanta. A daminar 2022 ruwa ya ci garuruwa a Zaki da Gamawa, ya kuma ci na jihar Diffa. A 2024 ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum. Adadin da mai duba ma'auni zai karanta a Foggo da safe ba sirrin soja ba ne, gargaɗi ne da zai ba mutanen Gaidam da Diffa makonni su kwashe hatsi da yara. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban fari har yau tana haɗa masana yanayi na yankin su fitar da hasashen damina. Lokacin da shugabanni suka yi fushi da juna, shi ne lokacin da ya fi dacewa a riƙe igiyar masana kada ta tsinke, domin ta nan ake fara gyara.

Abin da ya rage shi ne aikin ya dawo hannun masu kogin. A zamanin Tilho babu makarantar boko mai zurfi ko ɗaya a wannan yanki. Yau akwai jami'ar jiha a Gadau, akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, akwai jami'o'i a Maiduguri da Gashuwa, a ƙetare kuma akwai ta Damagaram da ta Diffa wadda aka kafa a 2014. Malaman nan ba sa buƙatar tafinta, Hausa da Barbarci sun ishe su. Ya kamata gwamnatin Bauchi da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are su gyara ma'aunan Bunga da Foggo da Katagum, su sa kuɗin kula da su a kasafin kowace shekara, a riƙa bayyana alƙaluman ga kowa. Jami'o'inmu su ƙulla yarjejeniya da takwarorinsu na Diffa, ɗalibai su auna kogi ɗaya daga tushe har bakin tafki, a rubuta sakamakon a littafi ɗaya. Masarautun Katagum da Jama'are, waɗanda talakawansu ne a bakin ruwa, su sa baki a tabbatar an yi. Kada a sake aza tubali ko ɗaya a kan kogin nan sai an auna shi tare da duk wanda yake sha daga gare shi.