Yadda tafin ƙafar ɓera ya zama ma'aunin maganin kumburi

Tun kafin a san ɗakin gwaje-gwaje, masu magani sun san sassaƙen da ke sauke kumburi. Abin da babu shi ne ma'auni. Nawa za a sha? Kuma ina shaidar cewa jiƙon ne ya yi aiki, ba jiki ne ya warke don kansa ba?

A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society wasiƙa a kan itacen wilo, mai fitowa a bakin rafi. Ya ɗanɗana ɓawonsa, ya ji ɗacin ya yi kama da na sinkona da ake maganin zazzaɓi da shi. Sai ya busar da shi, ya daka, ya riƙa bai wa masu zazzaɓi, har mutum kusan 50 cikin shekara biyar. Bai ware wasu marasa lafiyar da zai kwatanta da su ba, amma ya rubuta adadin da ya bayar da abin da ya gani. A wancan zamanin wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Daga nan masana sinadarai suka karɓa. Johann Buchner ya tace sinadarin salisin daga ɓawon a 1828, a 1897 Felix Hoffmann ya haɗa wani magani mai alaƙa da shi, wanda kamfanin Bayer ya raɗa wa suna Aspirin, aka fara sayar da shi a 1899. Duniya ta shafe sama da shekara 70 tana haɗiyarsa ba ta san yadda yake aiki ba.

Ma'aunin da ake nema ya samu a 1962, daga hannun Charles Winter da abokan aikinsa Risley da Nuss a kamfanin Merck da ke Amurka. Dabarar ba ta da wuya. Ana ɗura wa ɓera magani, bayan kamar awa guda a yi masa allurar karajinan, wani sinadari da ake samu daga jar ciyawar teku, a tafin ƙafar baya. Ƙafar takan kumbura, ta yi suntum cikin awa uku. Sai a tsoma ta cikin ruwa a na'ura, a karanta yawan ruwan da ta ture. Rukuni ɗaya ruwan gishiri kawai ake ba su, wani a ba su sanannen magani, sauran a ba su tsimin da ake gwadawa. Ta haka kumburin ya koma lamba, wadda wani zai iya maimaitawa a wata ƙasa ya gaskata ko ya ƙaryata. A 1971 kuma John Vane ya nuna a Landan cewa aspirin na hana jiki samar da sinadaran furostagilandin masu haddasa zafi da kumburi, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982.

Arahar gwajin ƙafar ɓera ce ta kai shi ko'ina. Da shi masu bincike a jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, suke auna sabara da marke da maɗaci da hano: a shanya a inuwa, a niƙa, a jiƙa a ruwa ko a metanol, a tace, a ƙafar da ruwan, a auna abin da ya rage. Ina jin daɗin ganin ana ɗaukar ilimin iyayenmu da muhimmanci haka.

Sai dai abin da ke damuna shi ne yawancin aikin a ƙafar ɓera yake tsayawa. Kumburin awa uku daban yake da ciwon gwiwar da tsohuwa ta shekara goma tana fama da shi, kuma gwajin ba ya faɗin abin da jiƙon zai yi wa hanta da ƙoda idan aka daɗe ana sha. Kafin a ce wa mutum ya sha, sai an gano sinadarin da ke aikin, an auna gubarsa, sannan an gwada a jikin marasa lafiya da yardarsu. Wannan matakin kuɗi yake ci, kuma kaɗan ne daga cikin tsirranmu suka kai gare shi.