Yadda Bishara Ta Sami Hanya A Rediyo, Da Dokokin Da Suka Kewaye Ta

Sau da yawa mukan kunna rediyo mu ji wa'azi da harshenmu, ba tare da mun tambayi yadda Maganar ta iso gidajenmu ba. Ya kamata mu san wannan tarihi, domin wanda bai san wahalar haƙa rijiya ba, shi ne yakan yi wasa da ruwa.

A zamanin Turawa, gidan rediyo na gwamnati ne kaɗai. Bayan samun mulkin kai ma haka abin ya ci gaba. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, daga baya jihohi suka kafa nasu, kamar Rediyo Rima na Sakkwato wanda muka saba ji tun kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Ikkilisiya ba ta da tashar kanta a cikin ƙasa.

Saboda haka bayin Allah suka nemi wata ƙofa. A 1954 mishan ta SIM ta buɗe Rediyo ELWA a Monrobiya, ƙasar Laberiya. A 1963 kuma Lutharawa suka buɗe tashar Muryar Bishara a Adis Ababa, ƙasar Habasha. Akan ɗauki wa'azi da waƙoƙi da Hausa a Jos, a aika da faifan ƙasar waje, sa'an nan muryar ta komo mana ta gajeren zango. Ku duba wannan abin mamaki: maganar da aka yi a Jos sai ta ƙetare ƙasashe kafin ta shiga Nasarawa a Birnin Kebbi, ko ta isa Argungu a bakin gulbi.

Amma waɗannan ƙofofi ma an rufe su. A watan Maris na 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar Adis Ababa. A 1990 yaƙin basasar Laberiya ya rushe tashar ELWA. Duk da haka Ubangiji bai bar mu haka ba, gama a 2008 Trans World Radio ta fara watsa shiri daga Faraku a Jamhuriyar Benin, har da Hausa.

A gida kuwa, zamanin soja bai yi wa masu aikin jarida sauƙi ba. Doka mai lamba 4 ta 1984 ta sa an ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, wato Tunde Thompson da Nduka Irabor. Canji ya zo a 1992, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta yi doka mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta kuma ba 'yan kasuwa izinin buɗe nasu. RayPower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003. Sai dai sashe na 10 na wannan doka ya hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi. Hanin ya shafi Kirista da Musulmi baki ɗaya. Shi ya sa ikkilisiya takan sayi fili a tashar wani, ta biya da baikon masu bi.

Daga baya hukumar ta ƙara matsawa. A 2004 ta hana nuna mu'ujizan da ba a tabbatar ba a talabijin. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A watan Mayu na 2023 kuwa, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara.

To, mene ne wannan tarihi yake koya mana? Na fari, kada mu ji tsoro. A Ayyukan Manzanni sura 4 an hana Bitrus da Yahaya yin magana, amma bishara ba ta tsaya ba. Tsarin mulkin 1999 ma, a sashe na 38 da na 39, ya ba mu 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki.

Na biyu, mu tsare harshenmu, kamar yadda Yakubu ya gargaɗe mu a sura 3. Wanda yake wa'azi a rediyo, ba 'yan ikkilisiyarsa kaɗai suke jinsa ba. Maƙwabcinmu Musulmi yana ji a shagonsa, masunci yana ji a bakin ruwa. Kalmar zagi guda ɗaya tana iya ta da wutar da za ta ci gari, ta kuma rufe filin da iyayenmu suka yi shekaru suna roƙon Allah a kansa. Wanda ya yi shelar warkarwar da ba ta faru ba, sunan Ubangiji ya ɓata.

Na uku, mu tallafa wa shirye-shiryenmu da addu'a da baiko, gama minti goma sha biyar a rediyo ba kyauta ba ne.

Ya Ubangiji, ka ba shugabanninmu hikima su yi doka da adalci, mu kuma ka ba mu bakin da zai faɗi gaskiya cikin ƙauna. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.