Hezekiya, Sarkin da Ya Farfashe Macijin Tagulla

Hezekiya ɗan Ahaz yana da shekara 25 sa'ad da ya hau gadon sarautar Yahuza, ya kuwa yi shekara 29 yana mulki a Urushalima. Gadon da ya tarar ba abin sha'awa ba ne. Ubansa Ahaz ya tafi Dimashƙu don ya yi wa Tiglat-filesar Sarkin Assuriya mubaya'a, ya ga wani bagade a can ya yi masa kyau, ya aiko da siffarsa aka gina irinsa a cikin Haikalin Ubangiji. Daga baya ma ya sa aka rufe ƙofofin Haikalin. A arewa kuma, mulkin Isra'ila ya riga ya kai bakin rami. A shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutanenta zuwa ƙasashe masu nisa.

Hezekiya bai yi jinkiri ba. A wata na fari na sarautarsa ya buɗe ƙofofin Haikali, ya tara firistoci da Lawiyawa suka fitar da ƙazantar da ke ciki. Ya aika da wasiƙu har ƙasar Ifraimu da Manassa yana kiran jama'a zuwa Idin Ƙetarewa. Waɗansu suka yi wa manzanninsa dariya, waɗansu kuwa suka zo. Ya rushe masujadan da ke kan tuddai, ya sassare gumaka.

Amma a ganina aikin da ya fi dukansu wuya shi ne wanda 2 Sarakuna 18 ya ambata cikin aya ɗaya tak. Akwai wani macijin tagulla da Isra'ilawa suka adana tun zamanin Musa. Mai karatu zai tuna da labarin a Littafin Ƙidaya sura 21: macizai sun sassari jama'a a jeji, Allah ya umarci Musa ya ƙera maciji ya ɗora a bisa sanda, wanda ya dube shi ya rayu. Wannan ba gunkin Kan'aniyawa ba ne, ba kuma na Dimashƙu ba. Allah ne ya ce a yi shi, hannun Musa ya taɓa shi, kakanni sun warke ta wurinsa. Da shekaru suka wuce sai mutane suka fara ƙona masa turare, suna kiransa Nehushtan. Hezekiya ya sa aka farfashe shi. Ka yi tunanin abin da dattawan gari suka faɗa a ranar nan. Rushe gunkin baƙo yana da sauƙi, gama kowa ya san sunansa. Abin da ya fito daga hannun Allah, sa'an nan mutane suka mai da shi abin dogara, shi ne ba a yarda a kira shi gunki. Mu ma mun san irinsa. Mutum ya ƙone laya da guru ranar da ya tuba, amma ga shi yana sa Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashin kai don tsari, ba ya buɗe shi, ko kuwa ya ɗauki kwalbar man shafawa ya ba ta matsayin da layar ta bari.

Biyayyar Hezekiya ba ta hana yaƙi zuwa ba. Ya daina biyan gandu ga Assuriya, ya kuma san abin da zai biyo baya, don haka ya yi shiri. Ya gyara garu, ya toshe maɓuɓɓugan da ke bayan birni, ya sa aka haƙa hanyar ruwa a cikin dutse daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa tafkin Siluwam, tsawonta ya fi mita 500. Masu haƙa sun fara daga ɓangare biyu suka haɗu a tsakiya. A 1880 aka gano rubutun da aka sassaƙa a bangon ramin yana ba da labarin haɗuwarsu, yana nan a gidan tarihi a Istanbul, ruwa kuwa yana bin hanyar har yau. A 2015 kuma masu tonon tarihi suka sanar da samun tambarin hatimi a Urushalima mai ɗauke da sunan Hezekiya ɗan Ahaz.

A shekara ta 701 Sennakerib ya iso. Muna da labarin daga bakin ɓangare biyu, abin da ba a cika samu ba a tarihin zamanin nan. A rubutun da ya bari a kan yumɓu, Sennakerib ya yi fahariya cewa ya ci birane 46 masu garu na Yahuza, ya kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Cin Lakish ya yi masa daɗi ƙwarai har ya sa aka sassaƙa hotunan yaƙin a bangon fadarsa a Nineba. Waɗannan duwatsu suna gidan tarihin Birtaniya a Landan. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye asarar ba. Ya faɗa mana Hezekiya ya aika yana neman gafara, ya biya talanti 300 na azurfa da 30 na zinariya, har ya ɓamɓare zinariyar ƙofofin Haikali, ƙofofin nan da shi kansa ya dalaye. Tsoro ya kama shi kamar kowane mutum.

Gandun bai ishi Sennakerib ba. Ya aiki Rabshake ya tsaya a gaban garu yana magana da harshen mutanen Yahuza don talakawa su ji. Dubi dabararsa: ya ce ai Hezekiya ya ɓata wa Allahnsa rai da ya rushe masujadai. Ya ɗauki biyayyar sarki ya mai da ita abin zargi, mai yiwuwa kuwa akwai waɗanda suka yarda da shi a zuci. Da wasiƙar barazana ta zo, Hezekiya ya hau Haikali ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji, ya yi addu'a. Annabi Ishaya ya kawo amsa. Littafi ya ce mala'ikan Ubangiji ya kashe mutum 185,000 a sansanin Assuriyawa a dare ɗaya. Rubutun Sennakerib bai ambaci wannan ba, sarakunan Assuriya ba sa rubuta asararsu, amma duk da fahariyarsa bai ce ya ci Urushalima ba. A 681 'ya'yansa suka kashe shi.

Saura jarrabawar da ba ta zo da takobi ba. A kwanakin nan Hezekiya ya yi ciwo har ya kai bakin mutuwa. Ya juya fuskarsa wajen bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15, aka ɗora curin ɓaure a kan marurun ya warke. Merodak-baladan Sarkin Babila ya ji labari, ya aiko da jakadu da kyautai. Gaisuwar ba ta banza ba ce. Mutumin nan ya daɗe yana tawaye ga Assuriya, ya riƙe Babila daga 721 zuwa 710, ya sake ƙwace ta na ɗan lokaci a 703, yana neman abokan yaƙi. Saboda wannan masana da yawa suna ganin ziyarar ta riga zuwan Sennakerib, ko da yake an rubuta ta a bayansa.

Hezekiya ya ji daɗin zuwansu. Ya zaga da su ya nuna musu azurfa da zinariya, da kayan ƙanshi, da mai mai tsada, da ɗakin makamai, bai bar kome ba. Mutumin da aka tashe shi daga gadon mutuwa yana da labari mai girma da zai ba baƙi daga nesa, gama 2 Tarihi 32 ya ce sun zo tambaya a kan alamar da aka yi a ƙasar. Abin da aka rubuta mana shi ne ya nuna musu taskarsa. Surar ta ce zuciyarsa ta kumbura, ta kuma ce Allah ya bar shi don ya gwada shi. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, amma irin wannan rawani ba ya yi wa mai shi nauyi, ya kan ɗauka karɓar baƙi ne kawai yake yi.

Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da mutanen suka gani a gidansa. Da ya ji, ya ce rana tana zuwa da za a kwashe dukan waɗannan zuwa Babila, har da waɗansu daga zuriyar sarki. An shaida Hezekiya ya ƙasƙantar da kansa, hukuncin bai zo a zamaninsa ba. Duk da haka amsar da ya ba annabin tana da ɗaci a kunne, gama ya kwantar da ransa da cewa shi dai zai ƙare kwanakinsa lafiya. Ɗansa Manassa ya gāje shi yana da shekara 12, ya yi mulki shekara 55, ya sake gina masujadan da ubansa ya rushe. A 597 Nebukadnezzar ya kwashe dukiyar Haikali da ta fada tare da Sarki Yekoniya, a 586 kuma sojojinsa suka ƙone birnin.