Gado, Himma da Adalci: Cutar Sikila a Matsayin Ma'auni

Hausawa na da magana biyu game da cin nasara. Wani ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wani kuma ya ce himma ba ta ga rago. Wannan maƙala na ganin duka biyun sun manta da ɓangare na uku, wato al'umma, kuma cutar sikila ce ta fi bayyana hakan.

Sikila gado ce tsantsa. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa wannan gado ya yi jijiya a ƙasashenmu.

Sai dai gadon bai yanke hukunci shi kaɗai ba. A Ingila da Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na yara masu SS kan kai girma, alhali a Afirka da yawa ba sa kai shekara 5. Jinin ɗaya ne. Bambancin na ga gwaji tun jariri, da maganin penisilin, da gidan sauro, da jinin ƙari mai tsabta. Yaron da aka ɗauko daga Doma ko Keana a Jihar Nasarawa zuwa asibiti a garin Lafiya, bayan ya kwana yana kukan ciwon ƙashi, himma ba ta yi masa ƙaranci ba. Duk wanda ya ce masa "ka dage kawai" ya ɗora masa nauyin da ke wuyan hukuma da jama'a.

Yanzu kimiyya ta kai ga gyaran ƙwayoyin halitta. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin Casgevy: a ɗebi ƙwayoyin da ke samar da jinin majinyaci, a gyara su da fasahar CRISPR, a mayar masa. Gyaran na tsayawa a jikinsa, ba ya wucewa ga 'ya'yansa. Wannan neman magani ne, kuma a 2013 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta halatta irinsa bisa sharuɗɗa. Ya sha bamban da abin da He Jiankui ya yi a Sin a 2018, inda ya taɓa ƙwayoyin halittar tagwaye tun kafin a dasa su a mahaifa, abin da ya jawo masa ɗaurin shekara 3. Wanda ba a haifa ba bai ba da izini ba, kuma kuskure a nan zai bi zuriya.

Ga mutumin Nasarawa, tambayar da ta fi zafi ita ce ta adalci. Kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Maganin da aka samo don cutar da ta fi addabar Afirka ya fi ƙarfin kusan kowane ɗan Afirka. Za a iya cewa farashi zai sauka, amma yaran da ake haifa bana ba za su iya jira ba.

Saboda haka aikinmu a fili yake. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, kuma ya dace Nasarawa ta yi nazarin hakan, da sharaɗin a haɗa gwajin da nasiha, kada ya zama hanyar ƙyamar masu SS. A fara gwada jarirai a asibitocin ƙauye, a sauƙaƙa maganin hydroxyurea, Jami'ar Tarayya da ke garin Lafiya kuma ta sa cutar a gaba wajen bincike. Sai an yi waɗannan ne za mu cancanci tambayar yaro mai sikila ina himmarsa.