Tsirar Allurai da Neman Haihuwa: Nazarin Gwaje-gwajen Asibiti Daga 2002 Zuwa 2018

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin manyan gwaje-gwajen da aka yi kan tsirar allurai irin ta maganin gargajiyar Sin ga mata masu neman haihuwa. An lura cewa amfanin da aka gani da farko yakan dusashe da zarar an gwama allurar gaske da ta bogi, aka kuma ƙirga jariran da aka haifa da rai maimakon cikin da ya shiga.

Gabatarwa

Daɗaɗɗen littafin likitancin Sin, Huangdi Neijing, ya danganta haihuwa da ƙarfin ƙoda da wasu magudanai biyu, Chong da Ren. A lissafinsa rayuwar mace bakwai-bakwai take tafiya: haila ta zo a shekara 14, ta ɗauke a 49. A kan wannan fahimta ake tsira allura a gurabe irin su Guanyuan da ke ƙasan cibiya, da Sanyinjiao a saman idon sawu.

Gwaje-gwajen

Shigar wannan dabara asibitocin dashen ɗan tayi ta samo ƙarfi ne daga Jamus. A wani gwaji da aka buga a 2002, Paulus da abokan aikinsa sun raba mata 160 gida biyu. An yi wa rabi tsirar allura ta minti 25 kafin dashen da bayansa, kuma kashi 42.5 cikin 100 suka ɗauki ciki, alhali a ɗaya rukunin kashi 26.3 ne. Tazarar babba ce, shi ya sa labarin ya bazu. Sai dai rukuni na biyu ba a yi musu komai ba, don haka kowace mace ta san inda ta faɗa. Ba za a iya bambance aikin allurar da na kwanciyar hankali da kulawar da ta samu ba.

Da aka shigo da allurar bogi, wadda kaifinta ba ya huda fata, sai lissafi ya sauya. A wani gwajin Hong Kong da aka buga a 2009, cikin mata 370, masu allurar bogi ne ma suka fi ɗaukar ciki. A 2018 mujallar JAMA ta buga gwajin Smith da abokan aikinta kan mata 848 a Ostareliya da Niyu Zilan: kashi 18.3 na masu allurar gaske suka haihu, na bogi kuwa kashi 17.8.

Masu kare tsarin sun yi ƙorafin cewa zama uku kacal da aka yi wa matan Smith bai isa ba, kuma ƙorafin yana da kan gado, domin likitan gargajiya a Sin watanni yake yi da mara lafiya. Amma an riga an amsa shi daga cikin gida. A 2017 aka buga gwajin da Wu Xiaoke na Jami'ar Likitancin Gargajiya ta Heilongjiang ya jagoranta kan mata 1,000 masu matsalar fitar ƙwai da ake kira PCOS. Sau biyu a mako ake tsira musu allura, har zuwa zama 32. Masu allurar gaske kashi 21.8 suka haihu, masu ta bogi 22.4. A cikin gwajin dai, ƙwayar kilomifin, tsohon magani mai araha, ta kai haihuwa kashi 28.7, yayin da ƙwayar bogi ta tsaya a 15.4. A ganin mai wannan nazari, nan ne hujja mafi nauyi, ganin cewa masana fannin ne da kansu suka tsira alluran.

Batun saiwoyi da ganyaye

Ban da na allura, gwaje-gwajen haɗe-haɗen magungunan sha na gargajiyar Sin galibi ƙanana ne, kuma haɗin yakan bambanta daga mace zuwa mace. Haɗarinsu ya fi na allura. A farkon shekarun 1990 mata da dama a Beljiyam sun rasa ƙodarsu bayan shan maganin rage ƙiba da aka musanya wata saiwa a cikinsa da Aristolochia fangchi. Tsiron leigongteng da ake bayarwa don ciwon gaɓoɓi kuwa yana rage ƙwayoyin maniyyi, yana kuma iya ɗauke haila, don haka wajibi ne likita ya tambayi miji da mata duk abin da suke sha kafin ya fara bincike.