Dara: Tarihin Wasan da Gardamar Dokokinsa

Dara wasa ne na mutum biyu da ake yi a ƙasa. Ana haƙa ƙananan ramuka 30, layi biyar na gida shida-shida, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, ɗaya da tsinken kara, ɗaya da tsakuwa, don kada kaya su cakuɗe. A ƙauyukan ƙasar Gwandu da Kalgo, irin su Cheberu, kakarsa rani ce, bayan an kai amfanin gona rumbu. Zabarmawan Nijar na kiransa dili, a ƙasar Sanwai ta Mali kuma akwai ɗan'uwansa, wali. Akwai wata darar ta gida 12 da ake zuba 'ya'ya rami-rami, amma dokokinta daban ne.

Wasan hawa biyu ne. Da farko ana dasa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. Sannan a fara tafiya, gida ɗaya gaba, baya ko gefe, ba a karkace ba. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka gaza uku, an cinye shi.

Gardama daga nan take farawa. Jeri uku a lokacin dasawa, wasu sun hana shi ɗungurungum, wasu sun ce a bar shi amma ba ya ci. Jeri huɗu ba ci ba ne, wasu ma ba su yarda a yi shi ba sam. A wasu wurare ba a taɓa ɗan da ke cikin jerin da ya riga ya cika. Duk waɗannan ƙa'idoji kewaye suke da abu guda, wato doki. Gwani kan ajiye biyu nan, biyu can a layin da ke maƙwabtaka, ya bar ɗa na biyar yana kai da komo tsakaninsu. Ya matsa, uku sun cika. Ya dawo, wasu ukun sun cika. Mai tsakuwa na zaune yana kallo ana tsince masa kaya ɗaya-ɗaya, 'yan kallo na cewa an hau doki. Da an bari a kafa shi tun wurin dasawa, wasan ya mutu kafin a fara. Hana shi baki ɗaya kuma zai raba dara da ladar mai hangen nesa. Magabata sun bar doki, suka tsananta hanyar samunsa, kuma wannan hukunci ne mai kyau ƙwarai.

Da baki dara ta yi tafiyarta, rubutu daga baya ya zo. Charles Béart ya tattara wasannin Afirka ta Yamma a littafin da ya fito a Dakar a 1955. R. C. Bell na Ingila ya bayyana dara a littafinsa na 1960, ya jingina ta ga Dakarkari, mutanen ƙasar Zuru da ke jihar Kebbi ta yau. Littattafan waje sun yi ta kwafar wannan siga kamar ita kaɗai ce, alhali kowane yanki da al'adarsa.

Irin wannan muhawara ta taso a Amurka bayan Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da Dungeons & Dragons a 1974, wasan tebur da kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi. Dokinsu shi ne jarumi mai sihiri, wanda in an sake shi zai fi ƙarfin sauran. Sai aka ɗaure shi: sihirin da ya yi amfani da shi ya tafi, sai ya sake haddace shi. Ken St. Andre bai gamsu ba, a wasansa Tunnels & Trolls na 1975 ya sa kowane sihiri ya rage wa mai yinsa ƙarfin jiki.

Su can sabon bugun littafi ne ke raba gardama. A dandalin dara, baƙon da ya zo karawa yakan tambayi dokar gari kafin a dasa tsinken farko, in saɓani ya taso a tsakiyar wasa kuma dattawan da ke zaune a gefe ne ke yanke hukunci.